Baƙon Ƙarshe na Gidan Tsamiya

Gidanmu a Sabon Birni sunansa Gidan Tsamiya, amma ni ban tarar da tsamiyar ba. An ce iska ce ta kayar da ita tun mahaifina yana saurayi, aka sassaƙa turmi da gindinta, aka ƙone sauran, sunan kuma ya ƙi tafiya. Har na girma, in baƙo ya sauka a tasha ya tambayi Gidan Tsamiya, ɗan kabu-kabu ba ya sake tambayarsa komai, sai dai ya ce masa ya hau.

Mahaifina fatoma ne, kamar yadda ubansa ya kasance. Fatoma shi ne mai masaukin fatake. Masu shanu da raƙuma da kanwa daga Nijar, Adarawa da Buzaye da Fulani, a wurinsa suke sauka in sun zo cin kasuwa. Shi zai ba su ɗaki da ruwa da tuwo, ya ajiye musu kaya, ya nemo musu mai saye, ya tsaya musu in an yi rigima a kara, wato kasuwar dabbobi. Sana'ar tana da dokokinta waɗanda ba a rubuta ba. Ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai ya sha ruwa. Ba a kwance masa ƙunshi. Gidan da uban mutum ya sauka, nan ɗansa zai sauka, kuma sauya masauki ba tare da dalili ba ya fi zagi ciwo. Da waɗannan aka raine mu, har na ɗauka duk duniya haka take tafiya.

Sai shekarun nan suka zo da damina ta riƙa yi mana rowa. A yi ruwan shuka, gero ya fito ya kai gwiwa, sai sama ta bushe kamar an share ta. Gulbi ya koma yashi tun kafin lokacinsa. Shanun da ake kawowa kara suka zama ƙashi da fata, waɗanda suka rage aka kora su kudu. A kan wannan kuma hanya ta lalace, mutum ba ya fita Gatawa ko Isa sai ya yi addu'ar da ya iya duka. Baƙin Baba suka fara raguwa, yau wannan bai zo ba, gobe a aiko cewa wancan ya rasu, ɗansa kuma ya koma sayar da mai a kwalba. Aka wayi gari ɗakin baƙi da ke jikin zaurenmu babu kowa. Duk da haka kowane jajiberen kasuwa Baba sai ya share ɗakin da kansa, ya shimfiɗa tabarma, ya cika randa. Washegari da yamma ya kwashe ruwan ya ba awaki. Bai taɓa cewa komai a kai ba, ni kuma abin yana cin raina.

Ni a lokacin malamin kwamfuta ne a wata sakandare, inda kwamfutocin suka fi zama a lulluɓe da ƙyalle saboda rashin wuta. Abin da ya riƙe ni da sana'ar shi ne wani aikin sa-kai da na shiga ta intanet. Wasu mutane ne warwatse a ƙasashe suke haɗa wata manhaja ta taswirar ruwa, wadda ke nuna wa makiyaya rijiyoyi da tafkuna da burtsatse a kan hanya. Manhajar kyauta ce, kuma cikinta a buɗe yake, wato duk rubutun da aka gina ta da shi, wanda muke kira kod, kowa yana iya karantawa, ya kwafa, ya gyara. Ni da wata malama da ke koyar da lissafi a Isa muka tsiro da wani ɗan reshe a jikinta: maimakon mutum ya karanta, wayar ta faɗa masa da Hausa ko Fulatanci cewa rijiyar kaza ta ƙafe, ta kaza akwai saura. Malamar ce ke karɓar labarin rijiyoyi daga mutanen Turba da kewaye, ita ce ta naɗi muryoyin, kuma in za a faɗi gaskiya ta fi ni iya kod ɗin. Ni na fi ta iya rubuta dogon bayani a zauren tattaunawa, saboda haka ni aka ɗauka shugaban reshen.

Da reshen ya fara tafiya, sai mai kula da ɓangaren Najeriya ya rubuto mana cewa lokaci ya yi da za mu zaɓi abu biyu: inda za a ajiye kod ɗinmu, da adireshin da wayoyi za su riƙa zuwa su ɗauko sabon labarin rijiyoyi. Ya ce abu mafi sauƙi shi ne mu zauna inda uwar aikin take zaune, a wani babban shafi da dubban ayyuka irin namu ke ajiya, su kuma su yanka mana ɗaki a ƙarƙashin adireshinsu, sunanmu a gaba nasu a baya. Ba sai mun sayi komai ba, ba sai mun tsare komai ba.

Shawara ce mai kyau. Matsalarta ɗaya, daga bakin Bayarabe ta fito. Mutumin a Ibadan yake, ni kuma Bagobiri ne da zanena a fuska, kuma tun ranar da ya ga hotona muka kama wasan da ke tsakaninmu. Yana kirana bawansa, ina kiransa nawa. Ko gyaran waƙafi zai yi mini sai ya haɗa da cewa ya san Bagobiri ba ya ganin ƙaramin abu sai faɗa. A ƙarshen wannan saƙon ma sai da ya ƙara cewa in zo kawai in kwanta a ɗakin da ubangidana ya ba ni, in daina tunani kada kaina ya yi zafi.

Amma ba wasan ne ya fi tsaya mini a rai ba. Kalmar da Turawa ke amfani da ita ga wannan ajiya, in aka dube ta, masauki take nufi. Wani ne ke saukar da kayanka a gidansa, ya tsare maka, ya nuna wa masu nema. Ina karantawa ina kallon ƙofar ɗakin baƙinmu. Na ce a raina, ni jikan fatoma, ɗan fatoma, in ɗauki kayana in kai masaukin wani wanda ban san ubansa ba, alhali ga ɗaki a share? In wannan labari ya fita ai sai tsofaffin kara su yi mini tofin Allah tsine. Ban tsaya na tambayi kaina ta yaya tsofaffin kara za su ji labarin inda aka ajiye kod ba.

Na rubuta wa zauren tattaunawa amsa mai tsawon da har yau in na tuna sai in ji kunya ta kama ni. Na yi magana a kan 'yancin kai, na yi magana a kan cewa ilimin rijiyoyin Gobir bai kamata ya kwana a ƙasar da ba a san ƙishirwa ba. Na ce za mu ajiye kayanmu da kanmu, a na'urarmu, a garinmu, da adireshinmu. Wasu 'yan zauren da ke ƙasashen sanyi suka yi ta yaba mini, domin irin maganar da suke son ji ke nan. Bayaraben ya tambaye ni abu ɗaya kawai, wai a ina zan samu wuta. Na ce masa rana ce kaɗai abin da ba mu taɓa rasawa ba. Malamar Isa ba ta ce komai a zaure ba. Ta kira ni a waya ta ce ta karanta, ta ce Allah ya sa alheri, da irin muryar da ake yi wa mai shirin ƙara aure bayan an san ba shi da hatsi.

Na samo wata tsohuwar kwamfuta da makaranta ta yar, na sauya mata abin da ya mutu, na sayo faranti na sola da batir, na haɗa mata layin waya da wata dabara da ta cinye mini hutun zango gaba ɗaya. Sannan na je na sami Baba a zaure bayan la'asar na gaya masa na samo masa baƙo.

Sai da na yi bayani sau da yawa. Ya saurara yana jan carbi. Ya fahimci cewa baƙon ba ya cin tuwo, ya yarda. Ya fahimci cewa babu la'ada, ya ce ai baƙin da suka fi daɗin zama a gidan nan su ne waɗanda ba a ci komai a kansu ba. Inda muka tsaya shi ne da na ce masa kayan baƙon a buɗe suke, kowa a duniya yana iya dubawa ya ɗiba.

"Wane irin baƙo na wanga, da kowa ka iya kwance mishi kaya?" ya ce.

Na ce masa irin kayan ne da in an ɗiba ba sa raguwa, kamar karatu. Sai ya ce to malami ne ke nan, a sa shi kusa da taga.

Saura adireshi. Malamar ta kawo sunaye masu ma'ana, duk da kalmar rijiya ko ruwa a ciki, yadda ko wanda ya manta zai iya lalubowa. Ni kuma na riga na tambayi Baba, shi kuma bai ga abin tambaya ba, tunda baƙo da sunan gidan da ya sauka ake nemansa. Na sayi adireshi da sunan Gidan Tsamiya. Malamar ta ce mai neman ruwa ba zai buga tsamiya ba. Na ce mata daga nan har Agadas babu wanda bai san Gidan Tsamiya ba. Ta tambaye ni ko waɗanda suka san shi suna da wayar shafawa, ko ma suna da rai. Na ce wannan ba hujja ba ce. Muka ɗinke adireshin a cikin manhajar, ta yadda kowace waya da ta ɗauke ta nan kaɗai ta san zuwa, muka sake ta.

Watannin da suka biyo baya, ba zan ɓoye ba, sun yi mini daɗi. Baba ya sauya. Da safe in ya dawo masallaci sai ya leƙa ɗakin ya dubi 'yar koriyar fitilar da ke jikin na'urar, sannan ya zo ya tambaye ni, "Baƙo ya tashi lahiya?" In na ce lafiya lau, sai ya nemi sanin ko an zo wurinsa. Nakan duba in ce masa jiya an zo daga wajen Maraɗi, an zo daga Turba, har wani ya leƙo daga wata ƙasa da ni ma sai na duba taswira. Sai ya gyara zama. A majalisarsu ta bakin kasuwa ya sanar da cewa gidan ya yi baƙo malami wanda ake ziyarta daga ƙasashe. Wani abokin hamayyarsa a fatomanci, wanda shi ma ɗakinsa ya daɗe a rufe, ya aiko a tambaye ni a asirce ko baƙon yana da ɗan'uwa.

Da bazara ta kama, na'urar ta fara ɗaukar zafi tana mutuwa da tsakar rana. Na gaya wa Baba don ya san dalilin da fitilar ke ɗaukewa, ban san na jawo wa gidan aiki ba. Ya sa aka rataya buhun algarara a tagar, ya riƙa jiƙa shi da ruwa don iska ta shigo da sanyi. Wannan a shekarar da 'yan garuwa ke yi mana yanga, mata na wanke kwano da ruwan da aka wanke gero. Ni kuma ina hawa rufi da tsumma da buta ina goge kashin tantabaru daga farantin sola, awakinmu na tsaye a ƙasa suna kallon ɗigon da ke sauka. Mahaifiyata ta ce ta auri fatoma ta haifi fatoma, amma ba ta taɓa ganin baƙon da ake yi wa fifita shi kuwa ko sannu ba ya cewa ba. Batirin da ya kamata ya juya mata fanka shi ne ke ɗakin baƙo.

Bayaraben bai daina ba. Lokaci zuwa lokaci sai ya rubuto cewa aƙalla in bari a ajiye kwafin komai a can babban masaukin, ko da ba za a yi amfani da shi ba. Kod ɗin dai malamar tana da nata a kwamfutarta, amma muryoyin da aka tace da tarin labarin rijiyoyi da makullin adireshin duk suna wurina. Na ce masa baƙo ba ya kwana gida biyu. Ya ce shi ya sa har yau Gobirawa ba su ci kowa da yaƙi ba sai kansu. Na rama da abin da ba zan maimaita a nan ba, aka yi dariya, maganar ta wuce.

Sai aka rufe layukan waya a yankinmu saboda matsalar tsaro. Rana ɗaya muka tashi babu sabis, daga Sabon Birni har Isa. Aka ce na ɗan lokaci ne. Koriyar fitilar tana nan a kunne, na'urar tana ta gurnaninta, Baba yana jiƙa buhu, amma babu wanda ke iya isowa gare ta daga ko'ina. Na san haka tun ranar farko. Na gaya wa kaina cewa tunda kowa ba shi da sabis, babu wanda ke nema, saboda haka babu wanda ya rasa. Da safe in Baba ya tambayi ko an zo, sai in ce masa hanya ce ba kyau, shi kuma ya gyaɗa kai, don wannan amsar ya saba da ita.

Abin da na ƙi tunawa shi ne muna bakin iyaka. Mutane ba su daɗe ba suka gano cewa in ka hau wani tudu a kan hanyar Nijar, da layin can a wayarka, kana kama rezo, kamar yadda mutanen can ke kiran sabis. Kuma makiyayan da suka riga suka kora kudu, da waɗanda ke tsallaken iyaka, su nasu sabis bai taɓa ɗaukewa ba.

Ran wata kasuwa malamar ta zo daga Isa, a cikin ayarin motocin da ke jira a taru kafin a kama hanya. Ta shiga ta gaida mahaifiyata, ta durƙusa ta gaida Baba, ta sha ruwa. Sannan ta ce tana son magana da ni a zaure, kuma ba ta rage murya ba duk da ta ga Baba na zaune a bakin ƙofa.

"Malam, za ni hwaɗa maka gaskiya. Mutane na hawa tudu da ransu a hannu, su samu rezo, wayarsu ta tahi Gidan Tsamiya ta iske ƙohwa ruhe. Abin da wayar ka hwaɗa musu yanzu labarin watan jiya na."

Ta ba ni labarin wani makiyayi daga wajen Turba da wayarsa ta ce masa akwai ruwa a wata rijiya, ya kora 'yan shanunsa da suka rage wuni guda, ya tarar da laka ta tsage. Ita ta san rijiyar ta ƙafe, an gaya mata, amma ba ta da inda za ta sa labarin. Muryarta ce wayar ta yi masa magana da ita. Ya dawo bai zage ta ba, ya dai ce mata, Malama, ke kika ce akwai. Tana faɗin wannan idonta ya kawo ruwa, ta juya ta gyara mayafi.

Bayan ta tafi na zauna ina juya yadda zan gaya wa Baba. Ba kunyar Bayaraben nake ji ba, wannan na san zan sha ta in wuce. Tsoro nake ji in cire wa tsohon nan abin da ya sa yake gyara zama a majalisa. Ni na kawo masa baƙon, don in burge mutanen da ba su san ina yi ba, ga shi yanzu ni zan ɗauke. Har na fara shirya dabara: in kwashe kayan a ɓoye in bar na'urar a kunne, ya ci gaba da ganin fitilarsa.

Shi ya riga ni. Washegari da safe bai tambaye ni ko baƙo ya tashi lafiya ba. Ya zauna a kan buzunsa ya ce in zauna.

"Ina za ka kai shi?"

Na gaya masa babban masaukin da aka ce tun farko. Sai ya shiga yi mini tambayoyin da fatoma ke yi a kan fatoma. Mai gidan, in an ce ya maido kaya, yana maidowa? Na ce yana maidowa, ko yaushe aka so. Akwai waɗanda muka sani da ke sauka can? Na ce uwar aikin ma can take. Ƙofarsa tana rufuwa? Na ce ba kasafai ba. Ya ce to ya fi mu. Ya faɗe ta a sarari, ba tare da ya kau da kai ba, ni ne na sunkuyar da nawa. Ya ce gidan da ba ya iya shayar da dabbar baƙo ba ya ɓoye igiya, kama ta yake yi da hannunsa ya kai gidan da ke da ruwa, ko da gidan maƙiyinsa ne.

Na kwafe komai a ƙaramar kwamfutata, na nemo layin Nijar, na ce zan je tudu in dawo. Ina fito da babur na tarar da shi tsaye a ƙofa cikin babbar rigarsa mai ruwan toka, wadda yake sawa in zai raka manyan baƙi tasha. Na ce Baba hanya ba kyau, ga rana. Ya ce ba a sallamar baƙo daga zaune. Mahaifiyata ta leƙo ta dube mu, ta koma ta ɗauko mana gorar ruwa.

Muka bi bayan wasu babura da ke tafiya tare. Gonaki hagu da dama gero ya tsaya a gwiwa ya yi ja. Tudun ya zama 'yar kasuwa: mutane tsaye da waya a sama suna juyawa, wata na kuka tana magana da ɗanta da ke Legas, wani na sayar da cajin batir, wani ruwa. Na sami gefe na buɗe kwamfuta a kan sirdin babur. Baba ya zauna a gindin wata aduwa da ba ta da inuwar kirki, ya tattara rigarsa.

Rezo ɗin yana zuwa yana tafiya. Na fara aika wa Bayaraben cewa ubangidansa ya yi masa izini ya buɗe ɗakin nan. Na shirya wa abin da zai biyo baya. Ya amso nan take cewa ɗakin a buɗe yake tun ranar da ya faɗa, bai taɓa rufewa ba, ya tambaya ko muna lafiya, ko iyalina lafiya. Babu wasa ko ɗaya a ciki, kuma wannan ya fi mini zafi da a ce ya zage ni. Kod ɗin ya wuce da sauri. Muryoyin ne suka ɗauki lokaci, suna hawa suna katsewa, ina sakewa, gumi na ɗiga a kan madannai. Na sa sabon labarin rijiyoyin da malamar ta bar mini. Rana ta karkata kafin na ce wa Baba an gama.

Ya tashi ya zo ya tsaya a kan kwamfutar. Ban san abin da yake gani ba, rubutu ne kawai fari a kan baƙi. Ya ɗaga hannu kaɗan, kamar yadda na sha ganin yana yi a tasha in mota ta fara motsi, ya ce Allah ya kiyaye hanya, a yafe mana abin da aka gani na gazawa. Wani saurayi da ke kusa ya juyo yana murmushi, da ya ga fuskar Baba sai ya mai da kansa ga wayarsa.

Har na fara tattara kaya sai ya riƙe mini hannu.

"In wani ya zo nemanai Gidan Tsamiya, wa ka hwaɗa mishi inda ya koma?"

Na yi niyyar barin tsohon adireshin ya mutu, don kada in riƙa ganinsa yana tuna mini. A gajiye nake, kuma kunya ta toshe mini kai, har na manta cewa duk wayoyin da ke hannun mutane nan kaɗai suka san zuwa. Na gaya masa ana iya saita adireshin ya zama duk wanda ya zo a nuna masa sabon wuri, ba tare da an bi ta na'urar gidanmu ba. Ya ce to wannan aikin mai gida ne, ba a barinsa. Na sake buɗe kwamfutar na saita, na gwada da wayata. Ta je Gidan Tsamiya, aka tura ta gaba, muryar malamar ta fito tana cewa rijiyar nan ta ƙafe. Baba ya ce in sake, na sake.

Da muka dawo gida na kashe na'urar, na kai wa mahaifiyata batirin. Baba ya sauke buhun daga taga da kansa. Jajiberen kasuwar da ya biyo baya na jira in ji ƙarar tsintsiya a ɗakin baƙi, ban ji ba. Da na leƙa, tabarmar tana naɗe a jingine da bango, randar a kife.

Sabis ya dawo daga baya. Baba ya sauya tambayarsa ta safe. Yanzu yakan ce, an zo nemansa? In na ce an zo, sai ya ce, ka nuna musu? In ce an nuna musu. Haka muka yi har shekarar da ya kwanta ciwon ajali.

Reshen yana nan a ɗakin da aka ba shi, malamar ce ke shugabancinsa, kuma ya fi tafiya daidai. Bayaraben ya yi mana ta'aziyya ta waya, ya bari aka kwana biyu, sannan ya koma kirana bawansa. Ya sha gaya mini cewa tsofaffin wayoyin nan duk sun mutu, babu mai bi ta tsohon adireshin sai jefi-jefi, in sake shi in huta da sabuntawa kowace shekara. Gaskiyarsa ce, kamar yadda ta kasance tun farko. Nakan ce masa zan duba. In lokacin ya zagayo kuma sai in sabunta, sannan in buga Gidan Tsamiya da kaina in ga an nuna mini hanya.